BABI NA UKU: FARI DA AMBALIYA A TARIHIN DARMANAWA DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yanayin ƙasar Kano da kuma yadda Bahaushe ya kasa shekararsa zuwa bazara da damina da kaka da rani. Wannan babi kuwa zai bi diddigin shekarun da wannan tsari ya goce, wato shekarun da ruwan sama ya ƙaranta har aka shiga fari, da kuma waɗanda ya yi yawa har ya zama ɓarna. An ɗauki Darmanawa da maƙwabtanta, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, a matsayin wurin nazari, domin kuwa a cikin shekaru ɗari da suka wuce wannan yanki ya tashi daga karkara ya koma tsakiyar birni. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, barin noma da mutanen yankin suka yi bai raba su da matsalar yanayi ba. Farin shekarun 1970 da 1980 yana daga cikin abubuwan da suka mayar da gonakinsu filaye da gidaje, sannan da ruwa ya dawo da ƙarfi daga baya, sai ya tarar babu gonar da za ta shanye shi.

3.1 Darmanawa a Matsayin Ƙasar Noma

Darmanawa tana kudu maso gabashin tsohon birnin Kano, a wajen ganuwa, daura da hanyar Zariya. A yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Tarauni, wadda aka ƙirƙiro a 1996, kuma hedikwatarta tana Unguwa Uku. Sauran mazaɓun sun haɗa da Gyaɗi-Gyaɗi ta Arewa da ta Kudu da Daurawa da Babban Giji da Unguwar Gano da ita kanta Tarauni. Kafin birni ya iso nan, yankin wani ɓangare ne na gonakin da suka kewaye Kano, inda manoma ke zaune gida-gida a tsakiyar gonakinsu, ga kuma gandayen sarki irin su Gandun Albasa da na Nasarawa.

Ruwan da ke sauka a Kano a shekara mai matsakaicin kyau yakan kai tsakanin milimita 800 zuwa 900, kuma kusan dukkansa yana zuba ne daga watan Mayu zuwa Satumba, tare da marka a watan Agusta. Ke nan manomin wannan yanki yana da wata huɗu ko biyar ne kacal da zai samar da abincin wata goma sha biyu. Saboda yawan jama'a, gona ba ta samun hutu, sai dai a riƙa ciyar da ita da taki. Da rani akan ɗora wa jaki mangala a kai itace ko kara ko harawa cikin birni, a dawo da toka da shara da kashin dabbobi a zuba a gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya daɗe yana nazarin wannan tsari, haka ita ma Polly Hill ta yi nata binciken a Dorayi, wanda aka buga a 1977. Dukkansu sun nuna cewa ƙasar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da aka fi cika da manoma a wannan sashe na Afirka.

Manomin wancan zamani bai zauna yana jiran fari ya same shi ba shiri ba. Da farko dai yakan gauraya shuka, ya sa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ta yadda in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, in kuma ya jima dawa ta yi kyau. Na biyu, akwai rumbu, inda mai hali kan ajiye damman hatsi har shekara ta zagayo. Na uku, akan bar itatuwa masu amfani a cikin gona, kamar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya. Na huɗu kuwa shi ne sana'ar rani, kamar saƙa da rini da fatauci da sayar da itace, waɗanda kusancin birni ya sauƙaƙa. Sai kuma zumunci da zakkar hatsi da rance, waɗanda ke tallafar wanda gonarsa ta ƙi. Haka nan a bakin kowane gari akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini, wanda ke tara ruwan damina, dabbobi su sha, a kuma yi gini da shi bayan kaka.

3.2 Yunwar Da da ta Zamanin Turawa

Fari tsohon baƙo ne a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wata yunwa da ta yi shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, ya kuma ambaci wata a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Al'adar Bahaushe ce ya raɗa wa yunwa suna, har ta zama abin lissafin shekarun haihuwa da aure da mutuwa. Ta haka ne aka san yunwar Banga-Banga ta tsakiyar ƙarni na goma sha tara.

Yunwar da ta fi kowace muni a farkon mulkin Turawa ita ce Kakalaba ta 1914. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman kewayen birni suka ba gyaɗa fili mai yawa saboda kuɗin da take kawowa da kuma harajin da ake biya da tsabar kuɗi. Ana cikin haka sai daminar 1913 ta gaza ƙwarai. Kafin daminar 1914 ta kankama rumbuna sun ƙare, hatsi ya yi tsadar da talaka ba zai iya saya ba, ga kuma jama'a masu yawa da suka kwararo daga ƙasashen arewa da ke hannun Faransa suna neman abinci a Kano. Dubun-dubatar mutane sun rasu a lardin Kano kaɗai, a zamanin Sarki Abbas. Michael Watts, a littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya kafa hujja da cewa ƙarancin ruwa kaɗai bai isa ya bayyana wannan asara ba, sai an haɗa da haraji da sabuwar kasuwa waɗanda suka raunana tanadin da manomi ya gada.

Bayan Kakalaba an yi yunwar Buhu a 1927, sannan farin ɗango suka yi ɓarna a farkon shekarun 1930, sai 'Yar Gusau a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta 1954 kuwa, wadda ake kira Muɗa, tana da muhimmanci ga wannan nazari, domin ta biyo bayan daminar da ruwa ya yi yawa ne har ya lalata hatsi. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci manomin Kano ya san illar yawan ruwa kamar yadda ya san ta ƙarancinsa. Sai dai a dunƙule shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun wadatar ruwa ne, kuma su ne shekarun da dalar gyaɗa ta fi tsayi a Kano. Wadatar ta sa hukuma da manoma suka ɗauka cewa haka abin zai ɗore.

3.3 Babban Fari: 1968 zuwa 1987

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya a faɗin yankin Sahel, tun daga Senegal har Habasha. A Kano abin ya tsananta a 1972 da 1973. Ruwan da aka auna a 1973 bai kai milimita 500 ba, wato kimanin rabin abin da aka saba samu. An yi shuka ta ƙone, an sake ta sake ƙonewa, rijiyoyi sun ƙafe, an fita sallar roƙon ruwa a garuruwa da ƙauyuka. Buzaye da Fulani da suka rasa dabbobinsu a Jamhuriyar Nijar sun shigo Kano da iyalansu. Tun manoma ba su gama farfaɗowa ba sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ta cinye gyaɗar Arewa kusan baki ɗaya. Daga nan fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje ya tsaya, dala ta ɓace. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, tare da cutar bushiya da ta kashe shanu, sannan daminar 1987 ma ba ta yi kyau ba.

Dangane da musabbabin wannan dogon fari, ra'ayin masana ya sauya. A shekarun 1970 an fi ɗora laifin a kan manoma da makiyaya, wai sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kore ruwa. Binciken da aka yi daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau ya nuna cewa babban dalilin yana can cikin teku. Sauyin ɗumin ruwan tekun Atlantika da na Indiya shi ne ya raunana iskar damina mai ɗauko danshi daga kudu maso yamma, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a wannan sauyi. Ashe ke nan manomin Darmanawa ya ɗanɗana kuɗar abin da ba shi ya haddasa ba.

Martanin hukuma ya karkata ne ga madatsun ruwa. Gwamnatin Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta gina madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka kuma buɗe noman rani a Kadawa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, daga baya aka kammala madatsar Challawa a 1992. Waɗannan ayyuka sun amfani manoman Kura da Bunkure da Garun Malam, sun kuma samar wa birni ruwan sha, amma manomin tudu na bakin birni, wanda ba shi da fadama, bai sami kaso a ciki ba.

3.4 Yadda Gona ta Koma Fuloti

Farin ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, Kano kuma ta zama babban birnin jiha tun 1967. Abubuwa biyu suka haɗu a kan gonakin Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. A gefe ɗaya gona ta daina biyan wahalar mai ita, tun da gyaɗa ta mutu, hatsi kuma ba tabbas. A ɗaya gefen kuma ga jama'a na ta shigowa birni, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da kuma 'yan cin rani waɗanda fari ya hana su komawa gida, kowa yana neman wurin da zai sa haƙarƙarinsa. Ƙidayar 1952 ta sami kimanin mutum 130,000 a birnin Kano, ta 1963 ta sami kusan 300,000, ta 2006 kuwa ta sami kimanin miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye.

Ƙasa ta fita daga hannun manoma ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta hukuma, wadda ta karɓi filaye domin ayyukanta, kamar gidan namun daji da rukunin gidajen Kundila da kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma mazauninsa yake kan hanyar Zariya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, diyyar da ake biya kuma ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Hanya ta biyu ta samo asali ne daga ta farko. Manomin da ya ga ana iya karɓe gonarsa a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya gwammace ya riga hukuma, ya kira dillali a yanka gonar fuloti-fuloti a sayar. Wannan shi ne abin da Kanawa ke kira awon igiya. A irin wannan awo kowane taƙi kuɗi ne, saboda haka akan bar lungu ƙarami, ba a ware wa ruwa hanya, ba a kuma bar fili domin makaranta ko asibiti. Da filaye suka yi tsada sai aka juya kan kududdufai, aka riƙa cike su da shara ana gini a kai.

Wani abin lura shi ne, mafi yawan wannan rabon fili an yi shi ne a shekarun ƙarancin ruwa. Wanda ya sayi fuloti a 1975 ko 1984 bai taɓa ganin wurin a shekarar marka ta sosai ba, don haka kwari da tudu duk ɗaya ne a wurinsa. Bisa ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tarauni tana da mutum 221,367 a kan murabba'in kilomita 28, wato kusan mutum 8,000 a kowane murabba'in kilomita. Sharar birni da a da jakuna ke kwasa zuwa gona ta rasa gonar da za a kai ta, ga shi kuma yanzu ta cika da leda wadda ba ta ruɓewa.

3.5 Dawowar Ruwa da Zamanin Ambaliya

Shekarar 1988 ita ce mararrabar wannan tarihi. A watan Agusta na shekarar an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kano, dubban gidajen ƙasa suka rushe, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka rasa rayuka sama da ɗari, gonaki masu yawa suka salwanta. Madatsar da aka gina domin maganin fari ita ce ruwa ya fi ƙarfinta shekara ɗaya bayan daminar 1987 da ta gaza. A watan Agusta na 2001 kuma ruwan da ya tumbatsa daga Tiga da Challawa ya mamaye garuruwa da gonaki a jihohin Kano da Jigawa. An sake ganin babbar ambaliya a faɗin ƙasa a 2012 da 2022, inda a ta biyun aka rasa sama da mutum 600 a Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri.

Ruwan da ya dawo ya sha bamban da na shekarun 1950. Jimillarsa a shekara ta ƙaru idan aka kwatanta da shekarun fari, amma yana zuwa ne a dunƙule, a yi mamako na sa'o'i kaɗan, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, ya kuma danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara sakamakon ɗumamar duniya.

Domin a gane abin da wannan ke nufi ga unguwa irin Darmanawa, ya kamata a yi ɗan lissafi. Ruwan milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Fuloti mai ƙafa 50 sau 50 ya kai kimanin murabba'in mita 230. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wannan fuloti kaɗai zai karɓi fiye da lita 11,000, wato sama da jarka 450 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Lokacin da wurin yake gona, rairayi da kunya suna shanye kaso mai yawa, ragowar ta gangara kududdufi. Yanzu da aka rufe shi da kwano da siminti, kusan dukkan ruwan yana faɗawa lungu ne a cikin 'yan mintoci. Ruwan wannan sashe na birni yana bin rafin Tatsawarki ne ya haɗu da Salanta ya faɗa kogin Challawa, to amma kafin ya kai can sai ya ratsa magudanai ƙanana waɗanda shara ta toshe. Sakamakon haka shi ne ruwa ya shiga ɗakuna, katangu su jiƙe su faɗi, masai ya cika ya haɗu da rijiya, sannan zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa su biyo baya.

Bugu da ƙari, fari bai daina shafar mutanen yankin ba, sai dai yanzu ta kasuwa yake shigo musu. Jikan manomin da ke da rumbu a da, yau da kwano yake awo, kuma duk abin da ya sami gonakin Jigawa ko Katsina ko Maraɗi zai bayyana a farashin kasuwar Dawanau kafin ya iso teburin mai awo a Tarauni. Haka nan zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya fi tsanani a ɗakin kwano da ba inuwar itace kusa da shi. Ruwan da ba ya samun shiga ƙasa kuma shi ne wanda rijiyoyi ke rasawa da rani, ga rijiyoyin burtsatse na ta ƙaruwa suna zuƙar na ƙasa. Ta haka unguwa ɗaya take kukan ambaliya a watan Agusta, ta kuma yi kukan rashin ruwa a watan Maris.

3.6 Kammalawa

Wannan babi ya bi tarihin fari da ambaliya a yankin Darmanawa tun daga yunwar Kakalaba ta 1914 har zuwa shekarun baya-bayan nan. An ga cewa a kowane zango girman asarar ya danganta ne da irin tanadin da ruwa ko rashinsa ya tarar. A 1914 haraji da gyaɗa sun rage abin da ke cikin rumbu. A shekarun 1970 fari da kuɗin mai da dokar ƙasa sun haɗu sun raba manomi da gonarsa. Daga 1988 zuwa yau kuma ruwa mai ƙarfi yana sauka a kan unguwannin da aka yanka a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya fi shafar garuruwan da birni ke tunkara a yanzu, a ƙananan hukumomin Kumbotso da Dawakin Kudu da Gezawa, inda ake yanka gonaki kamar yadda aka yanka na Darmanawa shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. A can har yanzu akwai damar a bar wa ruwa hanyarsa, a killace kududdufan da suka rage, a kuma hana gini a kwari kafin a kafa tubalin farko. A Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuwa, abin da ya rage shi ne faɗaɗa magudanai da yashe su kafin damina, da kwashe shara a kan kari, da dasa itatuwa, da kuma isar da hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa ga masu unguwanni da limamai cikin harshen da jama'a ke ji. Babi na gaba zai duba yadda mazauna waɗannan unguwanni suke haɗa kai ta hanyar aikin gayya da ƙungiyoyin taimakon kai da kai domin tunkarar damina.